Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani: A Bar Wa Ƙasar Nok Ribar Cittarta

Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,

Ranka ya daɗe, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ta shafi kudancin jiharmu, musamman ƙasar Ham, inda garin Nok yake a ƙaramar hukumar Jaba, da maƙwabtanta na Kachia, Kagarko, Jema'a, Zangon Kataf da Sanga. Na zaɓi in yi ta a bainar jama'a domin ta shafi dubban gidaje, kuma ya kamata masu abin su ji yadda aka gabatar da ita. Ga ta a dunƙule: wannan yanki yana da abin da duniya ke nema da kuɗi a hannu, wato citta, amma ribarta ba ta kwana a ƙauyukan da suka noma ta. Idan gwamnatinka na son tattalin arzikin karkarar kudancin Kaduna ya tashi, hanya mafi kusa ita ce ta tsare wa manomi matakai uku da suke suɓuce masa: iri mai lafiya, wurin busarwa da ajiya kusa da gona, da kuma suna mai rajista da zai sayar da kayansa da shi. Sauran tsare-tsare, komai girmansu, a kan waɗannan ukun za su tsaya.

Tarihin yankin ya sha maimaita darasi ɗaya: dukiya takan fito daga ƙasarsa, amfaninta ya sauka a wani wuri. Kuza ce ta fara. Kamfanonin Turawa da suka bazu daga tsaunin Jos sun kai haƙarsu har kwarin Nok, aka yi ta lodinta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, aka bar wa mutanen wurin ramuka. A wajen wannan haƙa ne aka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a 1928. A 1943 aka nuna wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka mai ilimin haƙar kayan tarihi, wani kan mutum na gasasshen yumɓu daga wajen Jema'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don tsorata masu ɓarna. Fagg ya ga kamanninsa da wanda aka samu a Nok, ya raɗa wa tsohuwar al'ummar da ta ƙera su sunan garin. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig ya nuna cewa tushenta ya kai kimanin shekara 1500 kafin Miladiyya. Amma kafin nan, a shekarun 1990, masu haƙar sata sun yi wa wuraren tarihin kaca-kaca, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Nok cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar wawaso a 2000. A shekarar 2000 ɗin aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, kuma sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25 da ake iya sabuntawa. Sunan Nok ya shiga littattafan makarantu a nahiyoyi da dama, garin Nok kuwa yana nan ƙauye kamar sauran ƙauyuka.

Citta ita ce dukiya ta uku, kuma ta bambanta da biyun farko ta fuska mai muhimmanci: kuza da kayan tarihi idan an kwashe sun tafi ke nan, citta kuwa kowace damina tana dawowa. An fara noma ta don kasuwa a kudancin Lardin Zazzau wajen 1927, daidai lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya iso Kafanchan ya mayar da garin mahaɗar jiragen ƙasa. Daga nan ta zama abin da gidaje ke biyan haraji da shi, daga baya kuɗin makaranta, kwanon rufi da babur. A yau Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen noman citta, tana cikin ƙasashen sahun farko a duniya tare da Indiya da Sin, kuma mafi yawan abin da take samarwa daga waɗannan ƙananan hukumomi yake fitowa. Masu saye daga ƙasashen Larabawa, Indiya da Turai sun san cittar Kaduna da yaji da ƙamshi da yawan mai, shi ya sa masu haɗa magunguna da kayan sha suke nemanta. Manoma sun san ta da iri biyu, tafin giwa mai faɗi da launin rawaya, da yatsun biri mai siririn jiki da duhun launi. Jiha ba ta cika samun amfanin gona irin wannan ba, wanda kasuwarsa ta riga ta kafu, masu noma shi sun gaje shi kaka da kakanni, ƙasar da ta dace da shi kuma ba kowa ke da ita ba.

Sai dai a duba yadda aikin yake a ƙasa. Da saukar ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, manomi zai yi kaftu, ya gutsura irin gaɓa-gaɓa ya binne, sannan shi da iyalinsa su shiga daji yankan ciyawa da ganye don lulluɓe gonar baki ɗaya, domin citta ba ta son rana ta bugi ƙasarta kafin ta tsiro. Cirar ciyawarta da hannu ake yi, a durƙushe, don fartanya tana sare saiwa. Bayan wata bakwai ko takwas, da shigowar hunturu, a haƙe ta. Daga nan aiki ya koma hannun mata: su zauna da ƙananan wuƙaƙe suna tsaga ta gida biyu ɗaya bayan ɗaya, yaji yana cin tafin hannu, a shanya a kan fa, ko a tsakar gida, ko a gefen kwalta inda ƙurar mota da awaki ke bi ta kai. Nauyinta yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar kafin ta bushe. Duk wannan wahala tana ƙarewa ne a kasuwar Kwoi ko Kachia ko Kubacha, a watan da kowa ya kawo tasa, farashi yana ƙasa, ga kuɗin makaranta da hidimar Kirsimeti sun matso, wani ma tun da damina ya ci bashin dillali a kan zai biya da citta. Mai kuɗi ya saya ya tara a sito, ya jira watanni, ya sayar da riba. Wanda ya fitar da ita waje ya tace ya ware ta daraja-daraja, ya ci tasa ribar. Kamfanin da ya niƙa ta ko ya tatsi manta a wata ƙasa shi ya fi kowa samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kan wannan rauni ne annobar 2023 ta faɗo. Tsakiyar damina ganyen citta ya fara yin rawaya yana bushewa, da aka tona sai aka tarar saiwar ta ruɓe. Cikin 'yan makonni cutar ta ratsa ƙananan hukumomi bakwai, ta lalata fiye da hekta 2,500. Ƙaramin Ministan Noma, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, ya ƙiyasta asarar da kimanin naira biliyan 12, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da cutar a 2024, asusun bunƙasa noma na ƙasa kuma ya ware naira biliyan 1.6 don tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna darajar cittar da aka fitar waje a watanni tara na farkon 2024 ta faɗi da kusan kashi uku cikin huɗu idan aka kwatanta da na 2023. Farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi, amma manomi bai ci moriyar tsadar ba domin ba shi da abin sayarwa. Babbar asarar ma ba ta shiga lissafi ba, wato iri. Citta ba ta da ƙwaya kamar masara. Daga cikin abin da aka haƙa ake ware na shuka, a tara a inuwa a rufe da ciyawa har damina ta zagayo, kuma hekta ɗaya tana cin kimanin tan biyu. Wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa amfanin bana da jarin baɗi a lokaci guda, wanda kuma ya sayi iri a kasuwa bai san ko cutar ya saya ya kai gonarsa ba.

Don haka buƙata ta farko ita ce iri mai lafiya, kuma nan ne hannun gwamnati ya fi zama dole. Babu manomin da zai iya gano cuta a cikin saiwa da ido, babu kuma ɗan kasuwar da zai zuba jari a binciken da sai bayan shekaru zai ga amfaninsa. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa da ke Umudike ita ke da alhakin citta, kuma fasahar rainon tsiro marar cuta a ɗakin gwaje-gwaje ba sabuwa ba ce. Abin da ya rage shi ne a kawo aikin kusa. Jihar Kaduna tana da reshen jami'arta a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona, ga sabuwar Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki da aka kafa a Kachia a 2025 a harabar tsohuwar Jami'ar Nok, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya. Ina roƙon gwamnatinka ta haɗa su da Umudike a yarjejeniya ɗaya mai kasafi na shekaru, a kafa ɗakin rainon iri a yankin, a zaɓi manoma a kowace gunduma a horar da su su zama masu ninka iri, a riƙa duba gonakinsu ana ba su takardar shaida. Wannan kansa sana'a ce da za ta ɗauki matasa masu takardar digiri da difloma a fannin noma waɗanda yanzu suke zaune. A haɗa da malaman gona da za su koya wa mutane hutar da gona daga citta na wasu shekaru, tsoma iri a magani kafin shuka, da gyara magudanar ruwa a gona. Rabon taki da maganin feshi yana da amfaninsa, amma idan irin da aka binne mai cuta ne, an yi asarar takin da maganin gaba ɗaya.

Buƙata ta biyu ita ce wurin busarwa da ajiya. Kasuwar duniya ta daina karɓar kaya a kan amana. Gwaji take yi. Cittar da aka shanya a ƙasa takan kwashi yashi da kashin dabbobi, idan kuma ba ta bushe sosai ba aka zuba a buhu sai ta yi fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da gubar da ake mayar da kaya saboda ita daga tashoshin Turai. Mun ga abin da ya sami wake a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Bai kamata a jira irin haka ta faɗa wa citta ba. Abin da ake buƙata ba ya da tsada idan aka kwatanta da manyan ayyuka: injin wanki, injin tsagawa, dandamalin siminti ko rumfar busarwa mai aiki da zafin rana, ma'auni na gaskiya, na'urar gwada danshi, da sito mai iska. A kafa irin wannan cibiya a manyan kasuwannin citta, a hannun ƙungiyoyin gama-kai na manoma, matan da suke aikin tsagawa su kasance cikin masu mallaka, kada inji ya zo ya raba su da abin da suke samu. Sito kuma ya riƙa ba da takardar shaidar ajiya wadda banki zai karɓa a matsayin jingina. Da haka manomi zai iya karɓar rabin kuɗin kayansa a Disamba ya yi hidimarsa, ya sayar a Mayu ko Yuni lokacin da farashi ya tashi. Gwamnatinka ta yi ƙoƙarin buɗe wa talakawa asusun banki. Takardar ajiya ita ce za ta sa asusun manomin citta ya zama mai motsi.

Buƙata ta uku ita ce suna. Da zarar cittar Kaduna ta bar Legas, sau da yawa sunanta ya ɓace. A gauraya ta da ta wasu ƙasashe, a sayar da ita da tambarin wani kamfani. Akwai tsarin da duniya ta amince da shi na yi wa kaya rajista da sunan ƙasar da ta haife shi, ta yadda ba wanda zai sayar da wani abu da wannan suna sai ya fito daga wurin kuma ya cika sharuɗɗan inganci. Maƙwabtanmu sun riga mu. Kamaru ta yi wa masoron Penja irin wannan rajista a 2013, farashinsa ya ninka cikin 'yan shekaru, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta amince da sunan. Jamhuriyar Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi. Ga mu da suna wanda duniya ta riga ta sani ba tare da mun kashe ko kwabo a talla ba, wato Nok. Gaskiya ne cikakkiyar dokar wannan rajista aikin Majalisar Tarayya ne, amma kai tsohon sanata ne, ka san hanyar da ƙudiri yake bi, kuma 'yan majalisar Kaduna za su iya tsaya masa. Kafin nan jiha tana iya yin nata: ta tattara manoma da 'yan kasuwa su amince da matakan daraja, ta yi rajistar tambari na bai ɗaya, ta haɗa kai da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje da hukumar da ke tantance lafiyar amfanin gona, yadda buhun da ya fito daga Kwoi zai isa Dubai ko Rotterdam da shaidar inda aka noma shi.

Na san za a ce gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, a nuna masana'antar sarrafa citta ta Kachia da ta daɗe a durƙushe a matsayin hujja. Hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Masana'antar da gwamnati ta gina, ta naɗa mata shugabanni, ta dogara da kasafin shekara don sayen kaya da man inji, ƙarshenta rufewa ne, kuma mun ga haka a masaƙun Kakuri da wasu wurare ko da dalilan sun bambanta. Amma abin da nake nema daban ne. Iri marar cuta, ma'auni, gwajin inganci, hanya da suna mai rajista abubuwa ne da kowa ke amfana da su amma ba mai iya samar da su shi kaɗai, kuma irin waɗannan su ne ainihin aikin hukuma. Saye da sayarwa da niƙa da tatsar mai a bar wa 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma. Ita masana'antar Kachia kuwa, a ba da hayarta a fili ga wanda ya iya, da sharaɗin zai sayi kaya kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma a farashin da aka sanar. Ɗan kasuwa ba ya gudun karkara don ƙiyayya. Yana gudunta ne don bai da tabbacin samun kaya mai yawa, mai inganci iri ɗaya, a kan lokaci. Idan aka samar da wannan tabbaci, da ƙafarsa zai zo.

Za a kuma ce ai an riga an ɗauki mataki, tunda a Afrilun 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima da shugaban Bankin Raya Afirka na lokacin, Akinwumi Adesina, sun aza harsashin yankin masana'antun sarrafa amfanin gona a Daki-Takwas cikin ƙaramar hukumar Chikun, kuma citta na cikin kayan da aka ambata. Wannan abin yabo ne, kuma ina fatan ya tabbata. Amma Daki-Takwas tana bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, cittar kuwa tana Jaba da Kachia da Kagarko. Ingancin citta a kwanakin farko bayan haƙa ake samunsa ko a rasa shi, a wurin wanki da tsagawa da shanya, kuma ba wanda zai yi dakon ɗanyar citta, wadda mafi yawan nauyinta ruwa ne, zuwa nesa don a busar. Idan babbar masana'anta ta tashi ba tare da ƙananan cibiyoyi a ƙauyuka ba, abin da zai canza kawai shi ne inda motar dillali take sauke kaya. Manomi yana nan inda yake. Tsarin shirin kansa ya tanadi cibiyoyin tattara kaya a karkara. Roƙona shi ne a tabbatar cewa na citta sun zauna a ƙasar citta, kuma a fara da su, domin masana'antar da ba ta da kayan aiki mai kyau gini ne kawai.

Magana ta uku da za a kawo ita ce tsaro, a ce wa zai zuba dukiya a yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992, na bayan zaɓen 2011, da hare-hare da satar mutane na shekarun baya-bayan nan. Ba wanda zai raina wannan, kuma manomin da ke tsoron zuwa gona ba ya buƙatar a yi masa bayanin muhimmancin tsaro. Sai dai jiran sai an gama da matsalar tsaro kafin a taɓa tattalin arziki jira ne marar ranar ƙarewa, domin zaman banza da talauci suna cikin abin da ke ciyar da rikicin. Gwamnatinka da kanta ta nuna ta fahimci haka lokacin da ta sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024. Kasuwar citta kuma tana da wata daraja da ba a cika faɗa ba: tana cikin wuraren da Ham, Bajju, Atyap, Adara, Koro da Gwong suke haɗuwa da fataken Hausawa a kan ciniki, kuma tun da daɗewa manoman citta suna neman Fulani su zaunar da shanu a gonakinsu saboda taki. Duk inda mutane suke cin abinci daga hannun juna, mai son tada fitina yakan sha wahalar samun masu bin sa. Kuɗin da aka kashe wajen tsare hanyoyin kasuwa da gonaki a lokacin haƙa, kuɗin tsaro ne kuma kuɗin noma ne.

Akwai masu ganin cewa annobar 2023 ta nuna haɗarin dogaro da amfanin gona ɗaya, don haka gara a karkatar da mutane zuwa wani abu. Gaskiya ne dogaro da abu ɗaya haɗari ne, kuma manoma da yawa sun koma kurkur da masara da shinkafa don dole. Amma barin citta gaba ɗaya zubar da gwanintar kusan shekara ɗari ne da kasuwar da wasu ƙasashe ke neman ƙwacewa. Mafita ita ce juya shuka, wanda ma shi ne maganin cutar da ke zaune a ƙasa. Kayan aikin da na ambata kuma ba na citta kaɗai ba ne. Injin da ya wanke citta zai wanke kurkur, rumfar da ta busar da ita za ta busar da barkono, siton da ya ajiye ta zai ajiye acca, wadda yankin ya shahara da ita kuma masu ciwon suga a birane suke nema. Haka zuma: binciken da masanan Jami'ar Bristol suka wallafa a 2021 ya gano alamar kakin zuma a cikin tukwanen mutanen Nok na kimanin shekara 3,500 da suka wuce, shaida mafi tsufa ta cin zuma a Afirka ta Yamma. Kwalbar zuma mai ɗauke da sunan Nok da wannan tarihi a bayanta ba za a saye ta da farashin wadda aka zuba a tsohuwar gorar ruwa a bakin hanya ba.

Wasu kuma za su ce me ya sa ba a fara da yawon buɗe ido ba, tunda Nok na da tarihi, ga tsaunukan Kagoro, ga magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, ga bikin Tuk-Ham da ake yi a Kwoi lokacin Ista da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, Abuja kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce. Wannan dama ce ta gaske, amma ta biyu ce a jeri. Baƙo yana zuwa ne inda akwai hanya, masauki, abinci da kwanciyar hankali, waɗannan kuwa garin da ke da kuɗin shiga ne yake samar da su. Duk da haka akwai abin da za a iya yi yanzu. Kayan da masanan Jamus suka haƙo, aka baje kolinsu a Frankfurt daga 2013 zuwa 2014, an dawo da su gidan tarihi na Kaduna. Kayan tarihi a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suke, amma ba abin da ya hana jiha ta yi yarjejeniya da ita, ta gyara ɗan gidan tarihin da ke Nok ya samu tsaro da wuta da ma'aikata, a kai wasu daga cikin kayan, a sanya ziyararsa cikin tsarin makarantun jihar. Matashin da ya ga ana samun abinci ta hanyar yi wa baƙi jagora da sayar musu da tukwane da citta da zuma, shi zai fara hana mai haƙar sata shiga gonar ubansa.

Saura maganar hanya da kuɗi. Motar da ke ɗauko citta daga ƙauye a kan hanyar da ruwa ya cinye tana cajin manomi ne, ba mai saye ba, haka kuma kowane shingen karɓar haraji da ke tsakanin gona da kasuwa daga aljihunsa ake cirewa. A fifita hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan noma da Kwoi, Kachia, Kubacha da Kafanchan, a dunƙule harajin amfanin gona ya zama ɗaya mai rasit. Tashar tudu ta Kaduna da aka buɗe a Kakuri a Janairun 2018 an yi ta ne don a gama takardun fitar da kaya a nan gida, kuma citta ce ta fi cancantar cin moriyarta. Aikin gyaran layin dogo daga Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda aka ƙaddamar a 2021, ta Kafanchan zai bi, ya kamata muryar Kaduna ta fi ta kowa ƙarfi wajen neman a kammala shi. Game da kuɗi, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Ƙananan hukumomin citta za su iya haɗa wani abu daga nasu, jiha ta ɗora nata, a nemi cikon daga masu ba da lamuni na raya ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa wallafa sunayen ƙungiyoyin da suka amfana da adadin abin da suka karɓa, gunduma-gunduma, domin tallafin da ba a san inda ya sauka ba shi ne yake kashe wa manomi gwiwa.

Ranka ya daɗe, mutanen wannan yanki ba sadaka suke nema ba. Sun iya nomansu, sun san kasuwarsu, sun kuma nuna juriya a shekarun da suka fi kowane tsanani. Ina roƙonka ka kira taron manoman citta, matan da ke sarrafa ta, 'yan kasuwa, sarakunan yankin da masana, a yi shi a Kwoi ko Kachia, ba a otal a Kaduna ba. Ka sanya ɗakin rainon iri da cibiyoyin busarwa da ajiya cikin kasafin kuɗi mai zuwa da layinsu na kansu, ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin aikin, ka kuma sanar da ranar da za a fara raba iri mai shaida kafin saukar damina. Allah ya ba ka ikon yi, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan Jihar Kaduna mai kishinta.